Rasuwar Faifan da Ya Zaga Kudancin Kaduna

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, Malam Bartholomew mai shagon buga takardu a Kafanchan yana sanar da rasuwar faifansa na kwamfuta, ɗan baƙin fulofin nan, a damunar bana ta 1996.

Marigayin bai san girman kai ba. Hannu da hannu yake yawo, daga ofis zuwa makaranta, daga aljihun fasto zuwa na Alhaji Ƙasimu mai sayen citta a Kachia, kowa ya kwafi abin da yake so ya zuba nasa. Da an zura shi a kwamfuta sai ya ce ƙirr, ƙirr, ƙyat, ya kama aiki.

Babban aikin da aka ɗora masa shi ne raba gardama. Bartholomew ya rantse kwamfutocin da ke musayar faifai a yankin nan sun kai arba'in. Matarsa Selina ta ce idan sun wuce biyar ta yarda, in ba haka ba ya rufe shago ya koma noman citta. Sai ya ɗora wa faifan umarni: duk kwamfutar da ya shiga ta bar masa alama, ranar da ya dawo a buga umarnin DIR a baƙin allon kwamfuta, jerin alamun ya fito, a ƙirga.

Ajali ya riske shi a Zonkwa, inda wani ɗan ƙungiyar mawaƙa ya ajiye shi a kan lasifikar coci, maganaɗisun ciki ya shafe shi tas. Da aka kawo shi gida, ƙirr ɗaya ya yi, ya yi shiru. Bartholomew ya hura masa iska, ya goga shi a riga, ya yi kuka har da majina. Ko alama ɗaya ba a samu ba.

Ya bar kwamfuta ɗaya da maigida mai tsoron fartanya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a bayan shago. Ana gayyatar duk wanda marigayin ya taɓa shiga kwamfutarsa, kuma Selina ta amince a ƙirga mahalarta a matsayin hukunci. Tun daga lokacin ake ganin Bartholomew yana murmushi cikin makoki, domin ya riga ya aika kasuwa da tashar jirgi cewa akwai shinkafa da naman akuya. Shi zai tsaya a ƙofa yana ƙirga, Selina ce za ta dafa.