Yadda Za Ka Ciyar da Surukinka Karas Daga Lambun da Babu Karas

In ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari surukinka zai ci karas ranar girbi, kai kuma ka koma gida da hularka a kanka. Ba shaci-faɗi ba ne. An gwada su a kan wani maƙwabcina da ake kira Injiniya, sunan da ya samu tun ranar da ya gyara fanka da mari.

Mataki na 1: Ka jawo wa kanka

Surukin Injiniya a lambu ya tsufa. Ido ya yi hazo, gwiwa ta ƙi durƙuso, ciyawa ta fara cin fangalin karas ɗinsa, wanda da hannunsa yake adana irinsa tun kafin a haifi matar Injiniya. A irin wannan lokaci mai hankali shiru yake yi. Kai kada ka yi. Ka ce abin da Injiniya ya ce:

"Baba, ai yanzu akwai inji mai aiki da hasken rana. Shi zai riƙa bin lambun yana tuge ciyawa, ku kuna zaune a inuwa."

"Ka iya shi?"

"Haba, Baba."

Mataki na 2: Ka koya wa injin

Injin kamar ƙaramin teburi yake mai taya, farantin sola a bayansa, ido a cikinsa yana kallon ƙasa. Bai san komai ba sai abin da aka nuna masa. Za ka ɗauki hoton tsiron da kake so da waya, shi kuma ya bar wannan, ya tuge duk sauran.

To, jaririn karas siriri ne, abin tausayi. Ciyawa kuwa kore shar, lafiya ta ishe ta. Kada ka tambayi kowa wanne ne wanne, tambaya tana rage wa injiniya kwarjini. Ka ɗauki wanda ya fi kyau a hoto.

Mataki na 3: Ka tsaya a kan bakanka

Injin ya yi aikinsa tsakani da Allah, ko karas ɗaya bai bari ba. Da matar Injiniya ta leƙo lambun, sai ta tsaya cak.

"Ina karas ɗin Baba?"

"Ga shi kina gani."

"Wannan ciyawa ce."

"Ko dai wani nau'in ne?"

"Maigida, a lambun nan na yi rarrafe. Ciyawa ce."

Nan tsoro ya kama Injiniya. Ba faɗan tsohon yake tsoro ba, don Baba bai iya faɗa ba. Abin da ya tsorata shi, mutumin da ya ba shi 'yarsa ya sake ba shi lambunsa, bai ko yi jinkiri ba.

"Ni dai ba a bakina zai ji ba," in ji ta. Ka lura, wannan ba goyon baya ba ne.

Mataki na 4: Ka faɗi gaskiya zalla

Ƙarya ba ta kamaci mai mutunci ba, kuma ba ka buƙatarta. Kullum da safe Baba zai zauna a bencinsa a bakin lambu ya tambaya.

"Injiniya, yaya shukar?"

"Kore shar, Baba."

"Tsawo fa?"

"Ta kusa gwiwa."

"Ikon Allah. Nawa bai taɓa kai nan ba."

Ka ba ciyawar ruwa, ka zuba mata taki, don maƙwabta su ga kana aiki. In tsohon ya ce a kama hannunsa ya shiga ya shafa ganyen, ka ce injin ba ya son a shiga masa aiki. Injiniya ya faɗi haka, ya ga Baba ya mayar da hannunsa kan sanda a hankali. Ranar ko abinci bai iya ci ba. Kai ka ci naka, tafiyar da saura.

Mataki na 5: Ka shuka girbin

Ranar girbi ka yi sammako kasuwa, ka sayo buhun karas mai ganye, ka binne su ɗaya-ɗaya a tsakanin ciyawa kafin rana ta fito. Sannan ka manta ba ka kashe injin ba. Wannan mantuwar ita ce ƙashin bayan dabarar.

Rana tana dukan farantin, injin ya farka. Ya duba ƙasa ya ga tsohon abokin gabarsa ya dawo, har ya yi ƙiba. Ya shiga tuge su yana jefarwa gefe, Injiniya yana binsa da kwando yana zufa.

"Wace ƙara nake ji?" in ji Baba daga benci.

"Girbi yake yi, Baba."

"Har da girbi?"

"Har da shi."

Mataki na 6: Ka miƙa da hannu biyu

Injiniya ya durƙusa ya miƙa mafi girma. Baba ya shafa shi tun daga kai har gindi, ya shinshina, ya gatsa. Ya daɗe yana taunawa.

"Har wankewa yake yi."

"E, Baba."

"Da zaƙi," in ji tsohon. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan gwangwani, ya girgiza shi, ƙarar ba ta da yawa. "Sauran irin ke nan, babu wani bayansa. Ungo. Amma wannan karon, in ya tsiro, ka zo ka kama hannuna in taɓa maka ganyen kafin ka ɗauki hoton."

Baba ya ci gaba da cin karas ɗin kasuwa har ya cinye.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin kuɗin buhu, ciwon baya, ko kallon da matarka za ta riƙa yi maka duk ranar da aka yanka karas a gidan. Alkawarin hula na yi, kuma tana nan a kanka. In surukinka ya miƙo maka gwangwanin, ka rasa inda za ka sa idonka, kada ka neme ni. Ban rubuta mataki na bakwai ba, don Injiniya ma har yau bai samo shi ba.