Ranar Da Aka Yi Mini Addu'a A Kan Bola

Akwai wani wari da bola take yi da safe idan an kwana ana ruwa: jiƙaƙƙen kwali, ɓawon lemo, da hayaƙin robar da ta ƙi mutuwa. Ba na jin zan taɓa mantawa da shi, domin a cikinsa aka yi mini addu'a mafi tsawo a rayuwata.

Shekarar da na gama jami'a, ina zaune a gidanmu a Barnawa ina jiran aiki, sai wani labari ya shiga kaina ya ƙi fita. Labarin wata tankar yaƙi ce ta shekara ɗari biyar nan gaba, lokacin da kogin Kaduna ya ƙafe. Ita ba harsashi take harbawa ba, irin itatuwa take harbawa cikin ƙasa (na sani, ku dai yi haƙuri da ni). Na rubuta shafi goma na cije, don na kasa ganinta a idona. Sai na ce bari in ƙera 'yar ƙaramarta da hannuna, in ajiye a kan tebur in riƙa kallo.

Daga ranar zama ya gagare ni. Tsohuwar rediyon Baba ta zama gangar jiki. Na jera murafun kwalba a matsayin tayoyi, na zagaye su da sarƙar keke da na jiƙa a kananzir kwana biyu. Eriya ta zama bakin bindiga. Na kwaɓa jar ƙasa da fenti na shafa mata, don ta yi kama da wadda ta sha tafiya. Ina cin abinci ina juya cokali ina tunanin inda zai shiga. A coci ana wa'azi, ni kuwa idona na kan maɓallin rigar matar da ke gabana. Abu ɗaya ne ya ƙi samuwa: kan tankar, wannan mai juyawa. Na gwada kofi, na gwada gwangwanin madara, duk suka mai da ita kamar teburin mai shayi. Murfin bayan fanka nake so, mai tsaga-tsagan nan.

A makon ne kuma gidanmu yake shirin baƙi. Iliya, wanda zan aura, zai turo manyansa gaisuwa ranar Asabar. Tun da wuri ya ja mini kunne cewa a gidansu ba a yanke magana sai yayar babansa, Gwaggo Saratu, ta gyaɗa kai, kuma ta taɓa wargaza neman auren wansa don yarinyar ta miƙa mata ruwa a tsaye. Ban taɓa ganinta ba. Ina son Iliya har cikin raina, amma maimakon in koyi durƙuso, mafarkin fanka nake yi.

Ranar Talata da safe na hango wata matacciyar fanka a kan bolar bayan layinmu. Don kada a gane ni (ku ji wayo!) na sa tsohuwar rigar ruwan Baba, na ɗaura takunkumi, na zura safar ƙafa a hannuwana, na saɓa buhu. Na hau har ƙololuwa, na tsuguna ina kwance kusoshi da wuƙar kicin, ina maimaita jimlolin labarina da ƙarfi kamar yadda na saba idan ni kaɗai ce.

"'Yata."

Wata dattijuwa ce a ƙasa, riƙe da lema da jaka, tana kallona da idon tausayi.

"Me kike nema a nan da sassafe?"

Ni an koya mini in faɗa wa babba gaskiya. Na ce, "Kan tankar yaƙi, Mama."

Ta matso kaɗan. "Yaƙi da wa, 'yar nan?"

"Ba yanzu ba ne, Mama. Sai nan da shekara ɗari biyar."

"Wayyo Yesu," in ji ta. "Ga Hausa a baki tsaf, ga ladabi. Sauko."

Na sauko. Ta ɗora hannu a kaina ta fara addu'a, ta kori duk wani ruhun yawo da na tone-tone, ta ɗaure maƙiyan gidan ubana ɗaya bayan ɗaya. Masu keke suna rage gudu suna leƙe. Ni kuwa na rungume murfin fanka ina cewa amin, don ban san hanyar da ake katse addu'a ba. Da ta gama ta ciro burodi daga jakarta ta danƙa mini, ta wuce.

Asabar ta zo. An cika falonmu, Mama ta sha ɗaurin ɗankwali, ni na fito da tiren zoɓo ina ƙirga takuna. Na durƙusa har ƙasa a gaban babbar baƙuwa, na ɗago kai in gaishe ta.

Ita ce.

Na ce wa zuciyata ta kwanta, ai ranar da takunkumi a fuskata. Na sirantar da murya na ce, "Sannunku da zuwa, Gwaggo."

Ta ɗauki kofi, ta kurɓa a hankali, ta ce, "Yawwa, 'yata. Yaya yaƙi?"

Mama ta ce, "Wane yaƙi kuma?"

Gwaggo Saratu ta gyara zama ta ba da labarin kaf, ba ta bar ko safar ba. Baba ya duƙar da kai yana nazarin takalminsa. Wani kawun Iliya ya ƙware da zoɓo. Ni dai ina durƙushe, ina roƙon siminti ya tsage.

Gwaggo ta dube ni. "Kin ci burodin?"

Nan ma gaskiyar ce ta sake kashe ni. "Na ci, Gwaggo." (Yunwa nake ji ranar, kuma burodin mai laushi ne.)

Ta ce a kawo abin ta gani. Na ɗauko tankata na ajiye a tsakiyar falo, kusa da kwanon goro. Mama ta leƙa ta ce ƙasa-ƙasa, "Ashe nan mariƙin filas ɗina ya tafi." Gwaggo ta sa yatsa ta juya kan tankar dama, ta juya shi hagu. Har suka tafi ba ta gyaɗa kai ba, ba ta girgiza ba.

Kwana biyar na yi ina safa da marwa tsakanin ɗaki da ƙofar gida, waya a hannu. Na share tsakar gida sau uku a yini ɗaya. A rana ta shida Iliya ya kira yana dariya har ya kasa magana: an ce a sa rana.

Abin da na koya shi ne, idan babba ya tarar da ke a kan bola ya tambayi abin da kike nema, ki ce ɗan kunnenki ne ya faɗi.

Na daɗe ina zaton muryata ce ta tona ni. Sai bayan shekara biyu da aurenmu Iliya ya faɗa mini cewa ran Talatar nan bincike aka turo Gwaggo daga Narayi, ta ji irin gidan da na fito. Da ta bar ni ta shiga wurin maƙwabciyarmu ta tambayi halina, aka ce mata, "Ai yanzun nan kika wuce ta a bola." Da ta koma aka taru jin sakamako, sai ta ce: "Gidan mutunci ne. Yarinyar kam akwai ɗan taɓi, amma ba ta duka. Ku yi maza ku karɓa, don shi ma namun ba cikakkiyar lafiya gare shi ba."