Ordinatar Ba Salati Ba Ce

Duk Madarumfa an san abin da Hamisu ya yi bazarar bara. Ordinatar ƙungiyar masu lambu, wato kwamfutar da yake kula da ita, ta ɗau zafi, shi kuwa ɗan mai lambu ne, sai ya jiƙa buhu ya lulluɓe ta kamar salatin da za a kai Maraɗi. Ta yi tartsatsi, ta mutu. Bana an sa mata sabon allon ciki mai ɗan ma'aunin zafi, amma tsohon tsarin da ke tuƙa ta bai san da zamansa ba. Shugaban ƙungiya ya ce in ta sake ƙonewa, Hamisu ya koma ban ruwa. Yana cikin wannan fama sai ga kakarsa Ɗelu ta leƙo biro, wato ofishin ƙungiya.

"Sannu, maigidana. Ya mai jiki? Ga buhu na kawo maka, tabki bai ƙafe ba."

"Tsohuwa, wa ya aike ki? Aiki nake."

"Aikin zura ma gilashi ido? Me ke damunta yanzu?"

"Akwai ɗan abu cikinta da ke jin zafi, yana ta kira, ƙwaƙwalwarta ba ta ji. Ta tsufa. Kamar ke in ana kiranki daga bayan danga."

"Ni ina ji sarai, amsawa ce ban ga dama ba. Ka sa mata sabuwar ƙwaƙwalwa mana."

"In na sa, lissafin rabon iri na ƙungiya ba ya tashi bisa sabuwar. Tsohuwar nan zan koya ma ji. Abokina ya aiko disket, faifan gyara, daga Yamai, ya ƙi zama, ina sassaƙa shi layi layi."

"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaro."

"Da tsohuwar zuma ake magani. In ba haka ba me ya sa ban sake ki ba?"

"Ka sake ni? Wa za ta kwashe ka, da kai kamar tulun ban ruwa?"

"Ba ni tashi nan sai ta yi magana. Mai haƙuri yakan dafa dutse."

"Kai ai inji ka dafa. Har yau romon muke jira."

Hamisu ya juya ga gilashi. Ya gyara layi ɗaya, ya kashe ta, ya yi bisimilla ya tada. Sai ga lamba ta fito a gefen gilashi.

"Ta ji! Wallahi ta ji!"

"Me ta ce?"

"Ɗumi ne, ba zazzaɓi ba. In ya hau za ta yi ƙara in kashe ta."

Ɗelu ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, ta miƙa masa maficinta.

"Ungo, fifita matsiyaciyar. Ka ci. To buhun fa, likitan salati?"

"Ajiye min shi. Ran da kika ɗau zafi ke zan lulluɓe. Ke ko kin yi tartsatsi ba ki mutuwa."