Rediyon Landan da Muƙamuƙin Jaki

Daga Ikara zuwa Makarfi, ka zagaya har Kudan, ba a taɓa yin malamin Turanci kamar Malam Uwaisu ba. Wannan magana tabbatacciya ce, domin daga bakinsa aka ji ta, kuma ya maimaita ta a wurare da dama. Allah ya hore masa murya, ya hore masa tabarau marar magani, da wata jakar hannu da ba a taɓa ganin ya buɗe ba. Idan ya shiga kasuwar Ikara sayen tumatir, da Turanci yake tayawa, mai tumatir ya sallama masa da sauri don masu saye su samu wurin tsayawa. Ɗalibansa na wata sakandare a hanyar Paki suna kiransa Rediyon Landan. Shi ya ɗauka saboda daɗin lafazinsa ne. Su kuwa sun lura ne cewa rediyo ba ya sauraron kowa.

Abu ɗaya ya rage wa wannan bawan Allah a duniya, wato kujerar mai duba koyar da harsuna a makarantun shiyyar. An ce ba za a ba kowa ba sai mai digiri na biyu a fannin koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne. Malam ya ji haushin sharaɗin, amma ya daure ya shiga jami'a, domin a cewarsa ita ma jami'ar za ta ƙaru. Tun ranar da aka ɗauke shi ya sa mai fenti ya rubuta masa muƙamin a bayan motarsa, don kada aiki ya taru masa daga baya.

Ya cika sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, cikin haƙuri irin na manya. An nemi shaidar digirinsa na farko, ya kai ta a cikin gilashi. An ce dole ya nuna yana jin wani harshen waje, ya tuna musu cewa ya taɓa zuwa Maraɗi. Da suka nace sai ya zauna jarrabawar Faransanci, ya zauna, ya sake zama, har ta haƙura ta bar shi ya wuce. Ya rubuta kundin bincike mai kauri a kan yadda ake sa yaran karkara su saki baki da Turanci, kuma bai ɓata wa yaro ko ɗaya lokaci da tambaya ba.

Saura sharaɗi na ƙarshe: malamar jami'a za ta zo ta zauna a ajinsa ta ga yadda yake koyarwa. Idan ta gamsu, digiri ya samu, kujera ta biyo baya. Idan ba ta gamsu ba, sai baɗi, kujera kuwa ba za ta jira ba.

Ya kamata a san irin ajin da za ta tarar. Malam yana da muƙamuƙin jaki da ya tsinto a bayan gari, ya huda shi, ya zura masa igiya. Duk ɗalibin da Hausa ta kuɓuce masa, za a rataya masa shi a wuya, Malam ya karanta masa wani dogon jawabi da Turanci, mai cewa ga jakin da ya ci amanar ilimi, ya ƙi haske ya zaɓi duhu, sauran 'yan aji su amsa da baki ɗaya. Mai muƙamuƙi zai yi ta yawo da shi har ya ji wani ya yi Hausa, sannan ya miƙa masa. Wanda kuma ya gwada Turanci ya yi kuskure, sai a yi masa dariya, ranar Asabar ya je cire ciyawa a gonar masarar Malam. Yaran Paki da Janfalan ba su da ƙamus, amma suna da hankali. Sun ga Hausa tana jawo ƙashi, Turanci yana jawo fartanya, shiru kuwa ba ya jawo komai. Suka zaɓi shiru, suka ƙware a kansa. Muƙamuƙin ya maƙale a wurin wata ɗaliba, Selina, tun farkon zango, don ba ta sake samun wanda za ta miƙa wa ba. Malam yakan kawo baƙi bakin taga su ji yadda ajinsa yake tsit, ya ce wannan shi ne tarbiyya.

Shugaban makarantar, Mista Abraham, ya ɗan ja shi gefe ana saura kwanaki. "Malam, na ji an ce mutanen nan so suke su ji bakin yara, ba na malami ba. Ko za ka ɗan sassauta musu su saba?"

"Ranka ya daɗe," in ji Malam, yana gyara tabarau, "ba a koya wa kogi gudu. Matar nan zuwa za ta yi ta ɗauki darasi. Ina ma tausaya mata, don ban san ko za ta iya bin Turancina ba."

Ranar ta zo. Malam ya sa kwat da taye cikin zafin bazara, ya umarci Selina ta cusa muƙamuƙin cikin jakarta. Dokta Lantana ta iso da rigar atamfa, ta gaishe shi da Hausa, ya amsa da Turanci don ya nuna mata hanya. Ta zauna a bencin baya. Malam ya buɗe baki, tashar Landan ta kama. Ya yi magana a kan tarihin harshen, da darajarsa, da wahalar da shi kansa ya sha kafin ya mallake shi. Allo bai ga alli ba. Da aka ci rabin lokaci, Dokta ta ɗaga hannu kamar ɗaliba.

"Malam, mun ji naka, kuma madalla. Yanzu ka huta. Abin da aka turo ni in gani shi ne yaran suna magana da juna. Ko hirar kasuwa ce, ko ta gona. Kuskure ba laifi ba ne."

A wannan aji ba a taɓa jin wani ya ce kuskure ba laifi ba ne, don haka yaran suka ɗauka tarko ne.

Malam ya yi murmushin da bai taɓa yi musu ba, abin da ya ƙara tsorata su. Ya nuna Huzaifa, wanda ya fi kowa sanin gonar masara, ya tambaye shi sunansa. Huzaifa ya miƙe, ya auna tambayar ta kowace fuska, ya ga akwai inda za a iya faɗawa, ya koma ya zauna. Malam ya ce su yi hira bibbiyu. Suka juya bibbiyu, suka kalli juna cikin ladabi. Ana jin awaki a bayan aji, ana jin injin niƙa daga cikin gari. Gumi ya ratso kwat. Ya yi lallashi, ya yi barazana a fakaice, ya yi alkawarin yafe Asabar. Aikin shekaru ba ya rushewa a rabin awa, kuma Malam ya yi aikinsa da kyau.

Dokta ta duba agogo, ta soma rufe alƙalaminta. Nan Malam ya hango kujerarsa tana tafiya. Ya sunkuya kan bencin gaba, ya rage murya, ya yi musu magana da harshen da mahaifiyarsa ta rene shi da shi.

"Haba 'ya'yana. Don girman Allah ku ce wani abu. Ku rufa mini asiri."

Ajin ya motsa a karo na farko. Kowa ya juya ya kalli Selina. Yarinya ce mai bin doka, ɗiyar mai wa'azi daga Malikanchi, kuma ta daɗe tana jira. Ta buɗe jakarta, ta fito da muƙamuƙin, ta tako gaban aji, ta ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa manya, ta rataya wa Malam a wuya, a kan taye. Sannan ta juya ta fuskanci 'yan'uwanta, ta karanta jawabin jakin da ya ci amanar ilimi, daga farko har ƙarshe, da Turanci tsantsa, da lafazin Landan, har da ɗan tarin da Malam yake yi a tsakiya. Da ta kai ƙarshe, ajin duka ya amsa da baki ɗaya, kamar yadda aka koya musu.

Da aka fita daga aji, Dokta Lantana ta tambayi Huzaifa da Hausa ko mene ne wannan, ya kuwa yi mata bayani dalla-dalla, har da girman gonar.

Malam bai karaya ba, domin manya ba sa karaya a gaban yara. Ya raka ta har mota, muƙamuƙin yana lilo a ƙirjinsa, don ya manta da shi.

"Hajiya Dokta, kin dai ji da kunnenki. Ko kuskure ɗaya babu."

"Na ji, Malam," in ji ta. "Abin da ka koya musu sun iya shi sarai. Baɗi zan dawo in ga ko an ƙara musu wani."

Kujerar ta tafi wurin wani malami a Kudan, wanda ajinsa ke da hayaniya kamar ranar kasuwa. Malam Uwaisu yana gaya wa mutane cewa jami'a ce ta roƙe shi ya ƙara shekara, don ba ta son rabuwa da shi. Rubutun bayan motarsa yana nan, ya ce fenti mai kyau ne, asara ce a goge. Muƙamuƙin ma yana nan a ofishinsa. Bisa dokar da ya kafa da kansa, ba zai rabu da shi ba sai ya ji wani ya yi Hausa a ajin, kuma har yau babu wanda ya yi.