Ranar da Aidin ya Tona Mini Asiri

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta yatsun nan ba. Su na fara hangowa ta tagar ɗakin shan magani na unguwarmu a Gummi, sun sha jan lalle, suna naɗe bandeji. Daga baya na ga mai su: Sista Hadiza, sabuwar ma'aikaciyar jinya da aka ce a Kano ta yi karatu.

Lokacin ina koyarwa a firamare, amma littattafan soyayya na fi haddacewa a kan darasina. Abu biyu na koya a cikinsu: jarumi ba ya raki, kuma da Hausar Kano yake magana. (Ban taɓa karanta inda wani ya sace zuciyar budurwa da "wanga" da "mi kac ce" ba.)

Sati uku ina neman dalilin shiga wurinta. Ranar da lauje ya yanke ni a ƙwauri muna yankan shinkafa a fadama, Allah Ya sani, hamdala na yi. Na koma gida na sa shadda, na fesa turare, sannan na tafi ina ɗingishi mai aji.

"Barka da aiki, ranki ya daɗe," na ce da muryar mai karanta labarai a rediyo. "Ɗan rauni ne kawai."

Ta duba. "Malam, da zurfi fa, ga laka a ciki. Zan wanke in sa aidin. Akwai zafi."

Na yi murmushin da na sha gwadawa a madubi. "Ai hannu irin naki ba ya kawo zafi."

Ta jawo ƙafar. Ta wanke, ta tsoma auduga a ruwan nan ja-ja, ta ɗora.

Jama'a, ban san ta inda Kano ta fice daga bakina ba.

"Wayyo Inna! Wagga wuta ta! Ƙahwata, ƙahwata! Inna taho, za ta kashe ni!"

Tsofaffi biyu da ke layi a waje suka amsa, "Na'am?" Ɗaya ma ta ɗaga labule ta ce, "Wa anka yanka?"

Hadiza ta danne mini ƙafa, dariya har da hawaye. "Tsaya wuri guda, malam! Ashe ɗan gida na! Ni ma ɗiyar Nasarawa Burkullu ta, mi yak kai ka wahalshe da harshenka?"

Ciwo dai ya warke sumul, ko ruwa bai yi ba. Ni ne na yi wata shida ina zagayawa ta bayan kasuwa don kada in bi ta ƙofar nan. Na kuma gane cewa Hausar aro iyakarta lokacin lafiya. In ka ji wuta, wadda Inna ta ba ka ce za ta fito.

Hadiza ta auri wani mai sayar da taki, ta zama babbar ungozoma. Ita ta karɓi haihuwar ɗiyarmu ta fari. Ina tsaye a baranda na jiyo ta tana ce wa matata, "Yi ihunki, ƙanwata, kada ki ji kunya. Komi kika yi ba ki kai mijinki."