Aƙiƙ Mai Farin Jini

Allah ya yi wa layin shaguna baiwa da ya ajiye musu mai sayar da labule, wanda ake kira Ƙamus. Ba a taɓa yi masa tambaya ya ce bai sani ba. Ko ba a tambaya ba ma yana amsawa.

Bayan bakinsa, babbar kadararsa zoben azurfa ne mai jan dutsen aƙiƙ. A faɗarsa, daga cikin dutse mai aman wuta aka tono shi, da irinsa sarakunan dauri ke buga hatimi, matansu na yin sarƙar wuya. Ma'anarsa kuwa farin jini. Mai neman labule sai ya sha wannan karatun kafin a auna masa yadi.

Ana gobe zaɓen shugaban 'yan kasuwa, muƙamin da Ƙamus ya riga ya ɗinka wa ofishinsa labule, matarsa ta ɗauki zoben za ta wanke. Dutsen ya ɓalle, ya bi magudanar ruwa. Ta san halin kayanta, sai ta samo jar alewa mai tauri, ta goge ta daidai ramin, ta manna.

Da safe Ƙamus, masanin duwatsu, ya dubi hannunsa, ya ce yau aƙiƙ ya ƙara haske, alamar nasara ce.

A zauren taro ƙudaje suka fara kawo gaisuwa. Kiyashi suka ja layi daga ƙafar kujera har hannun rigarsa. Daɗi ya kama Ƙamus.

"Kun gani? Ƙwari ma sun san shugaba, balle ɗan Adam."

In ka ji ganga tana zaƙi, ta kusa fashewa. Ƙamus ya sanar cewa da harshe ake gane aƙiƙ: na gaske sanyi gare shi, ba shi da ɗanɗano. Ya miƙa hannu ga tsohon da ke jagorantar zaɓen.

"Baba, lasa ka shaida."

Tsohon ya lasa, ya sake lasa. Sai da aka janye shi.

"Ɗana, a ina ake tono wannan? Jikokina za su so."

Ƙamus ya lasa da kansa, ya ji zaƙi. Duk da haka ya gyara murya, ya bayyana cewa aƙiƙ in ya tsufa nuna yake yi, kamar ayaba.

Da aka ce masu son Ƙamus su ɗaga hannu, hannu ɗaya ya tashi, nasa, baƙi wuluk da magoya baya. Farin jini kam dutsen ya kawo. Sai dai kiyashi ba su da ƙuri'a.