Ranar da Na Kitsa Gwaggo da Mayafina

Ban daɗe da fara koyon kitson ƙari ba na yanke wa kaina hukuncin cewa na ƙware. Lokacin malamai sun hana ƙari da gashin mutum, matan Daura duk sun koma zaren ulu. Sai Gwaggo Hansai, ƙanwar babanmu, ta zo biki daga Mai'adua, ta ba ni kanta.

"Kin dai iya ko, 'yar nan?"

"Gwaggo, ko ido rufe."

Na zauna bayanta da baƙin mayafina a kafaɗa, ina kitso ina koya wa matan gida yadda ake sassauta hannu kada gashin goshi ya zube. Ashe gezar mayafin nake ta haɗawa da ulun.

Ana kiran la'asar Gwaggo ta miƙe. Mayafi ya bi ta, ni kuma na bi mayafi a durƙushe har bakin randa.

"Ke, sakar min kai!"

"Gwaggo, ke za ki sakar min mayafi."

Matan gida suka yi dariya har da hawaye. Almakashi ne ya raba mu.

Yanzu hannuna ya faɗa, har layi ake yi min. Amma duk wadda ta zauna sai ta waiwayo ta ce, "Cire mayafin tukuna, ni kaɗai zan koma gida."